Sharhi: rahotannin haraji na Kaduna a hannun ɗalibin tarihi

Na yi aiki da fayilolin Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma a ganina babu abin da ya fi amfanar ɗalibin aji huɗu mai rubuta kundin digiri kamar rahotannin kimanta harajin gundumomi na zamanin Turawa. Suna cikin rukunin SNP, wato fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa, da na larduna, irin su KANOPROF na lardin Kano da ZARPROF na lardin Zariya. Rahoto ɗaya kan kawo yawan masu biyan haraji, amfanin gona, shanun jangali, sana'o'i da farashin kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tilasta wa ɗalibi ɗaukar matsaya. "Tarihin noman gyaɗa a Kano" take ne kurum, ba wanda zai yi maka musu a kai. Amma ka zaɓi gunduma ɗaya, ka nemo rahotanninta biyu, ɗaya kafin layin dogo ya isa Kano a 1911, ɗaya bayan kamar shekara goma, ka jera alƙalumansu gefe da gefe. Nan tambaya za ta fito: riba ce ta ja manoma zuwa gyaɗa, ko neman kuɗin biyan haraji? Amsarka a jimla ɗaya, mai ɗauke da wuri da shekaru da dalili, ita ce matsayarka. Idan fayil na uku ya rushe ta, gyara matsayar, kada ka ɓoye fayil ɗin.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne ɗaukar maganar Di'o, wato jami'in Bature da ya rubuta rahoton, tamkar yankan wuƙa. Don karɓar haraji aka rubuta rahoton, sau da yawa ta bakin tafinta da hakimi, kuma mutane na ɓoye kawunansu da shanunsu lokacin ƙidaya. Saboda haka alƙaluman sun fi nuna inda abu ya dosa fiye da ainihin adadinsa. Dole a gwada su da hira da dattawan gundumar da kuma takardun Larabci da ajami, irin waɗanda ke Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna.

Sunayen garuruwa ma suna ɓatar da mutum, domin Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji. Nemi gari ɗaya da rubutu iri biyu ko uku. Kuma tun kafin ka buɗe fayil, rubuta rukuninsa da lambarsa da shekararsa a saman takardarka, don malamin da ke duba aikinka zai tambaye su.