Wata huɗu da sabon babur: kakkarwar da ta kusa kayar da ni

Wata huɗu ke nan da na sayi babur mai injin 650cc, sabo dal, kuma na yi tafiyar kilomita wajen 3,800 a kansa. Yana da abin yabo. Bugu ɗaya yake tashi, giya na shiga ba gardama, birkinsa mai ABS yana kamawa ba tare da taya ta ja ƙasa ba, kujerar kuma ba ta gajiyar da ƙugu. Da a ce yawon cikin gari kawai nake yi da shi, da sharhin nan bai wuce layi biyar ba.

Matsalar ta bayyana bayan sabis ɗin kilomita 1,000 na farko, lokacin da aka yarda a fara ba injin wuta sosai. Na hau babban titi, shimfiɗaɗɗe, ba rami, ba iska mai ƙarfi. Ina kan gudun kilomita 120 a awa na taka wata 'yar gaɓa inda kwalta ta haɗu da gada, sai kan babur ya kama kaɗawa hagu da dama da sauri, kamar wani ya riƙe hannuwana yana jijjigawa. Gabana ya yanke ya faɗi. Yatsuna har sun kai kan birkin gaba, Allah ya taimake ni ban damƙa ba. Na matse tanki da gwiwoyi, na sassauta riƙo, na ɗan kwanta gaba, na riƙa sakin totur a hankali. Da gudun ya sauko ƙasa da 100, ya lafa. Na gangara gefen titi na zauna, ƙafafuna na rawa.

Daga baya na fahimci cewa kakkarwar babur iri biyu ce. Akwai ta gaba, inda kan ne kaɗai ke kaɗawa da sauri, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Akwai kuma wadda ba ta kai ta gaban sauri ba, inda gindin babur ke lilo kamar tafiyar maciji, kuma ita gudu ne ke ƙara mata ƙarfi. Ni duka biyun na gani: ta gaban a kan gadar nan, lilon kuma duk lokacin da na wuce babbar mota alhali akwatin bayan babur ɗina na cike da kaya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da na samu a inda na saye shi. Wanda ya karɓe ni ya zagaya harabarsu da babur ɗin, ko giya ta uku bai kai ba, ya dawo ya ce, “Yallaɓai, lafiyarsa ƙalau, hannunka ne bai saba da shi ba.” Shekara goma sha ɗaya ina hawan babur. Kuma ko da ɗan koyo ne ya kawo ƙorafin, maganar rai ce, ta cancanci a ɗauko geji a duba.

Wani dattijon makanike ne ya gano bakin zaren. Ya fara auna iskar taya tun ba ta yi zafi ba. Takardar da ke manne a jikin babur ta ce 36 psi a gaba, ya tarar da 29. Sannan ya ɗaga tayar gaba sama, ya kama ƙafafun shakazoba biyu yana turawa yana jawowa, har ni na ji ɗan ƙwas-ƙwas a wuyan. Boris ɗin wuya, wanda kan babur ke juyawa a kansa, ya saki. Ya ce sabon boris yakan zauna bayan tafiyar farko, shi ya sa ake sake ɗaure shi a sabis, kuma ɗauri ne na awo, domin idan ya yi tsauri da yawa shi ma lilo yake kawowa. A baya kuma, alamomin gyaran sarƙa na hagu da dama ba su yi daidai ba, wato tayar baya ba ta bin sawun ta gaba sosai. Akwatin baya laifina ne: na loda masa fiye da kilo 5 da aka rubuta a cikinsa, nauyin ya koma bayan taya, gaba ya yi sakayau. Ya ƙara wa sifirin na baya ƙarfi, ya ce in mai da kaya masu nauyi kan kujera ko jakar tanki.

Na tambaye shi batun damfar sitiyari, na'urar nan da ke danne kaɗawar kai. Ya ce tana da amfani, amma idan aka ɗaura ta a kan sakakken boris, ciwon kawai aka rufe. Ban saya ba.

Tun gyaran na yi kilomita sama da 2,000, na bi ta kan gadar nan sau shida da gudu ɗaya, kan bai motsa ba. Sai dai har yanzu, idan akwatin na ɗaure kuma iska ta bugo daga gefe, ina jin gaban ya yi sauƙi fiye da yadda nake so, don haka da kaya ba na wuce 110. Babur ɗin zan ci gaba da hawansa. Sabis na gaba kuwa wajen dattijon nan zan kai, ban da aikin da garanti ya tilasta mini komawa wurin waɗanda suka sayar mini da shi, kuma ko shi sai na tsaya a kansu da gejina a aljihu.