Samsung T7 a kan Raspberry Pi: na kwashe tarihin solar gidana ban yi asarar komai ba

Wata takwas ke nan da na sayi Samsung T7, faifan ajiyar bayanai (SSD) da ake sokawa ta USB, mai gigabayit 500, kuma ba don hotuna na saye shi ba. A gidanmu na Kaduna ina da Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, mai ɗauke da manhajar kula da na'urorin gida ta Home Assistant, shi ke lura da inbata da batiran sola da tankin ruwa da fitilun tsakar gida. Duk abin da ya motsa sai ya rubuta shi a wani fayil mai suna home-assistant_v2.db, ba dare ba rana. Katin SD, wato memorin da Pi ke ajiye bayanai a kai, ba ya jure wannan wahala. Na farkon da na sa ya lalace ne ranar da Pi ɗin ya mutu ana tsaka da rubutu, ya tafi da bayanan kusan shekara guda. Abin ya yi min ciwo, domin da su nake gane ko batiran sun fara gajiya, da yadda ƙurar hunturu ke rage wutar da falankin sola ke kawowa.

Shi ya sa wannan karon, wajen mayar da bayanan kan T7, na bi a hankali. Sai da na ɗauki cikakken kwafin ajiya, na sauke shi a kwamfutata, na buɗe na tabbata fayil ɗin yana ciki. Sannan na soka T7 a kafar USB mai shuɗi, na shiga sashen ma'ajiya na Home Assistant na zaɓi Move data disk. A sani, wannan umarni yana goge duk abin da ke kan sabon faifan, kada a sa wanda ke da kaya a ciki. Wanda kuma zai kwafa da hannu, ya fara tsayar da Home Assistant, don akwai rubutun da ke jira a wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da -wal, in aka bar shi a baya an yi giɓi. Da injin ya sake tashi na je kai tsaye ga jadawalin batir: cikakkun bayanan kwana 10 na nan, lissafin awa-awa na watannin baya ma na nan. Na yi hamdala.

Kwalin T7 ya ce gudunsa ya kai megabayit 1,050 a daƙiƙa. Pi 4 ba ya iya kaiwa nan, amma jadawalin da a da nake jira yanzu buɗewa yake nan take. Igiya biyu ya zo da su, mai kan USB-A ita ta yi min aiki.

Washegari na'urorin ƙofa suka riƙa ɓacewa daga Home Assistant. Ashe USB 3.0, wato kafar mai shuɗi, tana iya damun siginar Zigbee, wadda na'urorin ke magana da Pi ta cikinta, mai aiki a 2.4GHz. Na sayo igiyar ƙari mai mita ɗaya, na mayar da sandar da ke karɓar siginar Zigbee baƙar kafa ta USB 2.0, na nesanta ta, shi ke nan. Cajar Pi ɗin ma a tabbata mai 5V 3A ce, faifan daga jikin Pi yake shan wuta.

Ya fi filasha tsada nesa ba kusa ba, wani abokina har cewa ya yi almubazzaranci ne. Ni dai filasha ba ta kwanta min ba, ciwonta ɗaya da na katin. Katin SD ɗin yana nan a raminsa, tayar da injin kawai ya rage masa.