Hattara da masu tallan ɗigon ido "na gargajiya" mai maganin ƙaiƙayi nan take

Jama'a, ina roƙonku ku karanta wannan har ƙarshe, musamman iyayen da yaransu ke fama da ƙaiƙayin ido duk sa'ad da yanayi ya sauya. Akwai wani mutum da ke tallan maganin ɗigawa a ido a Facebook da WhatsApp, yana cewa haɗin ganyayyaki ne zalla, babu sinadarin asibiti ko ɗaya. Ƙarya yake yi. Sitiroyid yake sayarwa, wato maganin asibiti mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, kuma saura ƙiris ya makantar da ɗan ƙanwata.

Yaron shekararsa 9. Duk shekara idan iska ta fara ɗauko ƙura da garin furanni, idonsa kan yi jawur, ya yi ta susa har fatar idon ta kumbura, hawaye na zuba. Uwarsa ta ga bidiyon mutumin nan, ga hotunan "kafin" da "bayan", ga muryoyin wasu suna ta sa masa albarka. Ta saya. Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aiki: cikin kwana biyu ido ya washe fes, susa ta tsaya. Tarkon ke nan. Da kwalbar ta ƙare, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. Ta tuntuɓe shi, ya ce ai dattin ne yake fitowa, a ƙara kwalba uku. Haka aka yi ta tafiya wata biyar, safe da yamma.

Abin da ya tona asiri, yaron ya fara tuntuɓe da abubuwan da ke gefensa, yana cewa fitila na yi masa zobe da daddare. A asibitin ido aka auna ƙarfin ruwan cikin idonsa. Na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, nasa ya haura 30 a ido biyun. Likita ta ce a kawo kwalbar. A gabanmu ta sa farce ta ɓare takardar mai hoton ganye, sai ga wata a ƙarƙashi, an rubuta dexamethasone 0.1%. Wato maganin asibiti ne ya saya, ya lulluɓe shi da tambarinsa. Ƙanwata ta zauna ta yi ta kuka, tana cewa da hannunta ta riƙa ɗiga masa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, sitiroyid ba guba ba ne. Likitocin ido suna ba da shi idan borin ido, wato irin wannan ƙaiƙayin da ƙura ko garin furanni ke tayarwa, ya tsananta, amma na ɗan lokaci, suna auna idon a kai a kai, sannan su janye shi a hankali. Haɗarin yana cikin ɗiga shi makonni da watanni babu mai dubawa. A cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana fita ta wata 'yar matata a kusurwar ido. Sitiroyid kan sa matatar nan ta cushe, ruwan ya taru, ya danne jijiyar gani. Shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Kusan mutum ɗaya cikin uku ƙarfin idonsa kan hau idan ya yi makonni 4 zuwa 6 yana ɗiga sitiroyid mai ƙarfi, kuma na yara ya fi saurin hawa. Mugun abin shi ne yawanci babu ciwo. Idon fari tas, mutum yana murna ya warke, alhali gani yana zaizayewa daga gefe-gefe. Abin da jijiyar ta rasa kuwa ba ya dawowa, ko da aiki.

Bayan wannan akwai yanar ido, wadda ke tsirowa a bayan madubin ido ko da mutum yaro ne. Sannan ba kowane jan ido ne bori ba. Idan ƙwayar cutar hapis ce (mai fito da ƙuraje a leɓe) ko naman gwari ya kama baƙin ido, sitiroyid yana kashe garkuwar wurin, gyambon ya faɗaɗa, wani lokaci har idon ya huje. Mai sayarwa ta waya bai taɓa ganin idon ɗanki ba, ta ina zai bambance?

Ku ɗauko duk kwalbar da ke gidanku yanzu ku duba. Ga sunayen kamar yadda ake rubuta su: dexamethasone, betamethasone, prednisolone, fluorometholone, loteprednol, hydrocortisone. Sau da yawa ana haɗa su da maganin ƙwayoyin cuta irin su neomycin ko tobramycin, sai mutum ya ɗauka maganin jan ido ne kawai. Idan takarda ce aka manna a kan wata, ko babu jerin sinadarai, babu lambar rajista, babu ranar lalacewa, kada ta kusanci idon kowa. Haka kuma duk wanda ya ce maka maganinsa na ganye ne amma yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, ka tambaye shi me ya zuba a ciki.

Wanda ya riga ya daɗe yana ɗigawa, kada ya yanke rana ɗaya da kansa, domin borin kan dawo da ƙarfi. Ya ɗauki kwalbar ya je wurin likitan ido cikin makon nan, ya ce a auna masa ƙarfin ido. Akwai magungunan da aka yi don wannan borin waɗanda ba sa hawar da ƙarfin ido, kamar olopatadine, ketotifen da sodium cromoglicate. Na ƙarshen yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, shi ya sa ake fara shi tun kafin lokacin ya shigo. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido yana rage susa sosai.

Ɗan ƙanwata yanzu yana kan maganin sauke ƙarfin ido, na dama ya tsira, na hagu ya rasa wani sashe na ganin gefe. Mun aika wa mutumin hoton takardar da aka ɓare, ya toshe lambarmu. Mun kai kwalaben da hotunan hirar ga hukumar kula da magunguna. Jiya da dare na sake ganin bidiyonsa, da sabon suna da sabuwar kwalba mai kore.