Gidan kallon da ke nuna ƙwallon Amurka a Jos, ga yadda na same shi

Masu tambayata ko akwai inda ake kallon ƙwallon Amurka a Jos, eh akwai, kuma wuri ne da ya kamata mutum ya leƙa, amma fa da sharaɗi biyu, ka tafi da rigar sanyi mai kauri sannan ka nemi benci kusa da mai gidan. Wurin yana can ɓangaren Farin Gada ne, gidan kallon bal kamar kowanne, rumfar kwano da bencina da baƙin allo a bakin ƙofa da ake rubuta wasannin firimiya da alli. Abin da ya raba shi da saura kawai shi ne ran Lahadi in an tashi daga wasan Ingila ba a kullewa, sai a murɗa tasha zuwa NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka. Kuɗin shiga ɗaya ne da na firimiya, in kuma tun yamma kana ciki ba wanda zai sake miƙo maka hannu.

Kayan aiki ba laifi gaskiya. Firojekta ce babba a gaba da talbijin biyu a gefe, kuma sola yake amfani da ita, to ko an ɗauke wuta hoto baya ɗaukewa, babu wannan zaman jiran a ta da janareto ana tsaki. Sautin ne dai wani lokaci yake ɗan shaƙewa in an ƙure shi.

Girman allon nan ba ƙaramin abu bane a wannan wasan, don wanda ya saba ganin guntayen bidiyo a waya abin da ya sani kawai wani ya jefa ƙwallo wani ya cafke ya sheƙa da gudu. A babban allo ne zaka ga mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare da aikin kowa, musamman wanda ake kira tait end, wanda ni saboda shi na maƙale wa wasan. Shi wannan yana tsayawa ne a ƙarshen layin ƙartin gaba, yanzu ka gan shi ya dafe ƙaton da ya fi shi nauyi yana tare shi don mai gudu da ƙwallo ya samu hanya, anjima kuma ya yi kamar zai tare sai ya sulale ya fita fili a jefo masa ya cafke. Rabin wahalar da yake sha bata shiga lissafi, kamar kwandastan mota ne, shi ke loda kaya shi ke rigima da fasinja amma direba ake gaisarwa.

Mai gidan, wanda kowa ke ce wa Oga, shi ne rabin kuɗin da ka biya. Wasan nan agogonsa minti 60 ne, kashi huɗu minti 15 kowanne, amma sai ya ci awa uku saboda tsaye-tsaye da talla, to Oga baya barin wannan lokacin ya tafi a banza, da an shiga talla zai rage sauti ya miƙe da remot a hannu yana bayani da Hausarsa ta Jos. Sabon zuwa zai ce masa, ɗan'uwa kar ka bi ƙwallo da ido tukuna, dama huɗu ake ba su su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kai ƙarshen fili maki 6 ne, in an buga ta tsakanin sanduna maki 3, sauran zaka tsinta a hankali. Kuma baya gajiya da maimaitawa, ko da tambayar da aka yi masa ɗazu ce wani ya sake yi.

A gidan nan mutum ɗaya ake yi wa kara, wani tait end mai suna David Njoku. Hotonsa ne ma manne a bango da riga mai lamba 85 ta Cleveland Browns. Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota da baya fashin zuwa, Hausa a bakinsa kamar a Gangare aka yanke masa cibi, shi kullum cewa yake ɗan gidansu ne, yaran jami'a su ce ai a New Jersey aka haife shi a 1996 ina ruwansa da kai, shi kuma ya ce to me ya kawo shi gida aka naɗa shi sarauta a garin mahaifinsa a 2022 in ba namu bane? Wannan musun ba ranar da ba a yinsa kuma ba ranar da aka gama shi.

A dararen da babu wasa kai tsaye Oga kan sa tsofaffin wasanni ga wanda ya nema, nan ne na ga Njoku tun yana jami'ar Miami, kuma a ganina wannan hidimar ta fi komai daraja a gidan. Yaron tun a sakandare zakaran tsallen sama ne na ƙasa baki ɗaya a 2014, ya shiga Miami a matsayin mai cafke ƙwallo zalla kafin a mayar da shi tait end, kuma makarantar dama ta saba fitar da irinsu, manyan tait end irin su Jeremy Shockey, Greg Olsen, Jimmy Graham duk can suka fito. A 2015 ƙwallo 21 kawai ya cafke, amma 2016 sai ya cafke 43, yadi 698, ya kai ƙarshen fili sau 8, in ka ga yadda yake tsallake masu tsaron baya a lokacin zaka gane tsallen nan na sakandare bai tafi a banza ba. Bai jira ya ƙarasa shekarun da suka rage masa na wasa a makaranta ba ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017, Cleveland ta yi musaya da Green Bay don ta hau gaba ta ɗauke shi a na 29, a shekarar da ta ɗauki Myles Garrett a na farko.

To sai dai ya faɗa gidan da ba daɗi. Kakarsa ta farko wasa 16 suka buga 16 aka ci su, ko canjaras babu. Oga ya taɓa sa mana ɗaya daga wasannin shekarar, kafin a je hutun rabin lokaci mutane sun fara roƙo a canza. A 2018 ya ɗan farfaɗo da cafka 56, 2019 ya karye a wuyan hannu tun a wasa na biyu kakar ta lalace masa, 2020 kulob ya ɗauko wani tait end, Austin Hooper, a kan matsayinsa har shi Njoku ya nemi a sayar da shi, ba a sayar ba. Abin da nake so a labarinsa shi ne a wannan tsakanin ne ya gyara tarewarsa, wadda da ita ake kushe shi, kuma wannan ba abu bane da zaka gani a guntun bidiyo, sai an tsayar da hoto an nuna maka inda ya sa ƙafa da inda ya sa hannu, Oga kuma ya iya wannan. A 2022 suka ba shi kwantiragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 50, wasu a lokacin suka ce an yi asarar kuɗi. A watan Nuwamban shekarar ne ya yi cafkar nan da hannu ɗaya a wasansu da Tampa Bay ta shahararren mai jifa Tom Brady, dama ta huɗu, saura daƙiƙoƙi a tashi, ya farke, suka je ƙarin lokaci suka ci 23 da 17. Wannan bidiyon in Oga ya ga gida ya yi sanyi shi yake sawa, kuma har yau sai an yi ihu.

2023 ce dai shekararsa. Ƙarshen Satumba wuta ta ƙona shi a fuska da hannu a gidansa, kwana biyu tsakani ya iso fili fuska a rufe ya buga wasa da Baltimore, ya kuma cafke ƙwallo shida duk da an lallasa su. Da Joe Flacco ya zama mai jefa musu ƙwallo a ƙarshen kaka sai abin ya zama kamar dama jiran juna suke, ya gama da cafka 81, yadi 882, aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara na Pro Bowl karo na farko. Houston ce ta fitar da su a wasan kifa ɗaya ƙwala. Ni ban sa shi layi ɗaya da gwanayen tait end irin su Travis Kelce ko Rob Gronkowski ba, masu cewa haka a gidan son kai ne kawai, amma wanda ya yi wannan da masu jifa barkatai da Cleveland ta riƙa canzawa ba ƙaramin ɗan wasa bane.

Yanzu inda gidan ya gaza. Na farko lokaci. Wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogonmu, daga Nuwamba su koma 7, wato daidai lokacin da babban wasan firimiya bai ƙare ba, kuma a nan Oga baya da ta cewa don masu Arsenal da Man U su ne kasuwarsa. Sai a tura mu kan ƙaramar talbijin ta gefe babu sauti har a tashi, ga magariba da isha'i a tsakani, to kusan kullum kashin farko na wasa a guntule muke ganinsa. Da zai ja labule ya raba rumfar biyu ya sa ƙaramar sifika da an huta, an sha faɗa masa, kullum amsarsa in sha Allah wata mai zuwa.

Na biyu sanyi da benci. Kakar NFL daga Satumba take zuwa Janairu, wato ta haɗe da hunturun Jos cif, rumfar kuma ƙasanta a buɗe yake iska na shigowa ta ƙafa, ga benci babu majingina, awa uku a kai sai bayanka ya gaya maka. Kujerun roba ƙalilan ne kuma na farkon zuwa ke kamewa. Mai shayin bakin ƙofa yana taimakawa, shayinsa da citta da kanumfari yana da kyau, indomi da ƙwai ma ba laifi, sai dai wajen sha ɗaya yake naɗe tebur. Masu shan sigari an hana su a ciki amma a bakin ƙofa suke tsayawa, hayaƙin duk ɗaya ne. Banɗaki kam gara ka gama uzurinka daga gida.

Wasannin dare da ke farawa bayan ƙarfe ɗaya baya nuna su kai tsaye, sai washegari da yamma a maimaici, kuma ban ga laifinsa ba, wa zai fito a wannan lokacin, keke ma tun kafin nan ya yi wuya. Super Bowl ne kawai a Fabrairu yake kwana a buɗe, ana farawa wajen sha biyu da rabi na dare a gama gab da asuba, ranar sai ka yi magana da shi tun da wuri ya ajiye maka kujera, kuma ba a fita sai gari ya waye. In sabon shiga ne kai kar ka fara da ranar, cika ake yi Oga baya samun sukunin bayani, ka je wata Lahadin a Oktoba kafin sanyi ya kankama, ka ce masa karon farko ne.