Hasselblad 500C/M ko Mamiya RB67?

Dukansu kyamarori ne da suka fito a 1970, suna cin fim mai faɗi da ake kira 120, kuma ba ruwansu da batir. Hasselblad ta Suwidin tana ba da hoto 12 mai girman santimita 6×6, ga sauƙin ɗauka. Amma tana da tarko: in ka cire ko ka ɗaura gilashinta ba ka ɗana ta ba (wato ba ka murza ta ta shirya ɗaukar hoto ba), tana iya cijewa.

Mamiya ta Japan hoto 10 take bayarwa, 6×7. Bayanta yana juyawa tsaye ko kwance. Nauyinta ya haura kilo biyu, shi ya sa ta fi dacewa da situdiyo. Kafin ka saya, duba soson da ke tare haske. In ya ruɓe, haske zai shiga ya lalata fim.