Wata huɗu da TRS-80 Model 100, kwamfutar da ke cin batirin agogon bango

Ranar da na buɗe kwalin, ɗan ƙanwata yana tsaye a kaina yana jiran ya ga kwamfutar Amurka da na yi wata biyu ina zancenta. Da na zaro ta, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Kawu, wannan ai kalkuleta ce ta yi ƙiba." Ban ga laifinsa ba. Abu ne guda a shimfiɗe kamar littafin rajistar makaranta, babu murfin da ake ɗagawa, madannai a ƙasa, siririn allo mai launin toka a sama. Sunanta TRS-80 Model 100, ta shiga kasuwa a 1983, wato ta girmi uwar yaron da ke yi mata dariya.

Na ɗan jima ina tara tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, amma duk waɗanda na tsinta a wajen 'yan gwanjo na shekarun 1990 ne zuwa sama. Raina ya daɗe yana son guda daga farkon zamanin, lokacin da masu ƙira ba su ma daidaita kan kamannin da abin zai ɗauka ba. Da farko Osborne 1 na sa wa ido, ta 1981, wadda ke kama da akwatin keken ɗinki. Sai na yi lissafi: nauyinta ya kai kilo 11, allonta inci 5 kacal, kuma ba ta da batir, dole sai an jona ta da wutar bango. Compaq Portable ta 1983 ta fi ta nauyi ma, kusan kilo 13. Kuɗin ɗauko ɗayansu zuwa nan kaɗai zai sa mutum ya sake shawara. Epson HX-20 ba ta da nauyi, har da 'yar firinta a jikinta, sai dai allonta layi 4 ne, kowane layi harafi 20, abin da ba zai ishi sallama da gaisuwa ba. Haka na faɗo kan Model 100, wadda ba ta kai kilo 2 ba. Duk da haka kuɗin jigila ya zarce kuɗin sayenta.

Kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera ta, Tandy kuma ya sayar da ita a shagunansa na Radio Shack a Amurka, mai ƙwaƙwalwar 8K, wato gurbin harafi kusan dubu 8, a kan dala 799, mai 24K a kan dala 999. Tana da 'yan uwa da aka fitar daga ƙira ɗaya, NEC PC-8201 da Olivetti M10. Abin da ya ba ni dariya da na fara karanta tarihinta shi ne Tandy da sana'ar fata ya fara, kayan dukawa yake sayarwa, sai a 1963 ya sayi Radio Shack. Manhajojin cikinta kuwa aikin Microsoft ne, kuma Bill Gates da bakinsa ya faɗa cewa ita ce na'ura ta ƙarshe da ya rubuta kaso mai yawa na manhajarta da hannunsa. Masu tara irin waɗannan kaya suna son wannan labari, masu sayarwa kuma sun fi su so, don yana ƙara wa farashi gishiri.

To, ga yadda ta zo mini. Mutumin da na saya a hannunsa ta wani dandalin gwanjo na intanet ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau. Na zuba mata batir huɗu irin na agogon bango, na kunna, shiru. Na juya batir, na sake sababbi, shiru. Na kusa rabin awa ina jin zafin kuɗina kafin na kifa ta na ga wani ɗan makunni a ƙasanta na wutar ƙwaƙwalwa, wanda idan yana kashe ba za ta tashi ba ko me ka yi. Ina tura shi rubutu ya bayyana, dishi-dishi, sai na murza ɗan abin daidaita allo da ke gefe kafin ya fito sosai. Murna ba ta daɗe ba. Washegari na cire batir don in canza, duk abin da na rubuta ya tafi.

Dalilin yana ciki. Wannan kwamfuta ba ta da faifan ajiya, duk abin da ka rubuta a ƙwaƙwalwarta yake zaune, kuma wani ƙaramin batir mai caji da aka liƙa a jikin fanel ne ke riƙe shi idan manyan sun ƙare. Batirin da ya shekara 40 kuwa ba riƙo kaɗai ya daina ba, yoyo yake yi, ruwansa yana cin layukan fanel a hankali. Na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwar unguwarmu, don masu gyaran waya na yanzu da na nuna wa hotonta cewa suka yi in jefar. Ya kwance ta, ya kawo fuskarsa kusa, ya nuna mini wani kore-kore da ya taru a ƙafafun batirin.

"Malam, da ka ƙara shekara guda da sai dai ka rataye ta a bango."

"Baba, za ta gyaru kuwa?"

"Wannan ai irin aikinmu ne na da. Komai nata a fili yake, ana ganinsa da ido."

Ya narka dalmar ya cire batirin, ya goge wurin da buroshi da sipirit, ya bi layukan da mita ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma ce a canza kafasitoci 'yan kaɗan da suka fara jiƙa ƙasansu. Kwana uku ta yi a wurinsa, mafi yawan lokacin neman batirin da zai dace ne ya ci. Tun daga ranar ba ta sake zubar mini da ko harafi ba. Wanda ya sayar mini bai yi ƙarya ƙarara ba, tana kunnuwa kam, amma bai taɓa buɗe cikinta ba, ko kuma ya buɗe ya yi shiru.

Yanzu ga abin da ya sa ban yi nadama ba. Kana tura makunni ta tashi, babu jira ko na daƙiƙa biyu. Sunayen manhajoji biyar ne ke gabanka: BASIC ta rubuta wa kwamfuta umarni, TEXT ta buga rubutu, sai TELCOM, ADDRSS da SCHEDL. Ka shiga TEXT, ka ba fayil suna da bai wuce harafi shida ba, ka hau rubutu. Babu ajiyewa, don abin da ka buga ya riga ya zauna. Idan ka tashi ka bar ta, bayan minti 10 ta kashe kanta, ka dawo ka tarar da ita daidai inda ka tsaya. An ce batir huɗu suna kai ta awa 20, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba, ina yin sati biyu da zubi ɗaya ina rubutun safe. Ga wanda ya saba da duba ko an kawo wuta kafin ya buɗe laftof, wannan ba ƙaramin hutu ba ne.

Madannanta su ne suka fi saye ni. Manya ne, masu zurfi, suna nutsewa suna dawowa da 'yar ƙara mai daɗi kamar ta tafireta mai laushi. Laftof ɗina na aiki, wanda ya ninka ta ƙarfi ban san sau nawa ba, bai kama ƙafarta ba a nan. Da na yi kwana biyu ina bugu a kanta na gane abin da ya sa 'yan jarida suka rungume ta a shekarun 1980. Mutum zai zauna a filin wasa ko bakin zauren taro ya rubuta rahotonsa, ya jona ta da layin tarho, modem ɗin cikinta, wato na'urar aika bayanai ta tarho, ya tura labarin ofis a gudun kusan harafi 30 a daƙiƙa. Yau abin dariya ne, a lokacin kuwa ya fi karanta wa mai ɗauka a waya kalma bayan kalma.

Allon layi 8 ne, kowanne harafi 40. Na ɗauka zai ƙuntata mini, sai na tarar yana hana ni wata mummunar ɗabi'a ta komawa sama ina gyara sakin layin farko sau goma. Abin da ya wuce ya ɓace daga ido, sai gaba. Amma ba shi da fitila a bayansa. A tsakar gida da hantsi rubutu raɗau yake, da magariba ta yi kuwa sai ka nemo tocila, kuma idan hasken ya faɗo a karkace gilashin ya mayar maka da shi ido.

Babban abin da ya dame ni shi ne Hausa. Tana da haruffan Faransanci da na Jamusanci a ɓoye ƙarƙashin madannin CODE, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ba zan ce laifinta ba ne, zamanin ne bai san da mu ba. Dabarar da na koma ita ce ta da, in buga k' da d' da b', in na kwashe rubutun zuwa sabuwar kwamfuta in sa ta musanya su gaba ɗaya. Yana aiki, sai dai in hannu ya yi sauri alamar takan faɗi, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya zama daki, dole ka sake bin rubutun da ido. Madannan matsar da alamar rubutu su ma ƙanana ne, an jera su huɗu a layi ɗaya can sama, har yau yatsana yana ɓata tsakanin na sama da na ƙasa.

Wurin ajiya kuma ɗan kaɗan ne. Tawa an cika ta zuwa 32K, iyakar abin da take ɗauka ke nan, kuma idan ba komai a ciki tana nuna gurbin harafi dubu 29 da 'yan kai. Maƙala biyu ko uku sun cinye shi. Kwashewa ita ce wahala ta gaske. Asali a kaset ake adanawa, irin na rediyo, na gwada sau ɗaya don marmari na ji kukan da take yi, ban sake ba. Abin da nake yi yanzu shi ne jona ta da laftof ta ƙofarta ta baya mai rami 25, da waya mai juyayyun layuka da kuma 'yar mahaɗa zuwa USB. Sai da na sayi waya biyu da ba su yi ba kafin ta uku. In komai ya daidaita, daga cikin TEXT za ka danna F3 ka rubuta COM:88N1E, rubutun ya zubo a ɗaya ɓangaren. Wanda ba shi da haƙurin irin wannan wasa, ya sani tun yanzu cewa rabin sha'anin ke nan.

Ga mai niyyar saye, kada ya yarda da hoton waje kaɗai. Ya nemi a kunna a ɗauko masa allon yana nuna rubutu, ya duba ko akwai layin da ya mutu. Ya nemi hoton ramin batir, ya tambaya kai tsaye ko an canza batirin ciki. Idan an haɗo masa da cajarta ta asali daga Amurka, kada ya kuskura ya soka ta a bangonmu, ta wuta mai volt 120 ce. Kada kuma ya ɗauko kowace caja mai volt 6 ya cusa, don tsakiyar bakin nata ɓangaren ragi (negetif) ne, akasin yawancin na yau. Ni dai na haƙura da caja gaba ɗaya, batir ya wadatar. Lokacin hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle, ƙura na shiga tsakanin madannai. Akwai Tandy 102 ta 1986, kusan abu ɗaya ne amma ta fi siranta, in ita ta samu da sauƙi ba a yi asara ba.

Sauran tsofaffin da na tara suna cikin kabad, sai baƙo ya zo in fito da su a yi kallo. Wannan kuwa a kan tebur take kwana, kuma rabin wannan sharhi a kanta na buga shi. Ɗan ƙanwata da ya kira ta kalkuleta yanzu kullum yana nan bayan la'asar, ya koyi rubuta layi uku na BASIC da ke cika allo da sunansa. Shi ne ma ya lura da abin da ya wuce ni: lamba biyu kawai take karɓa na shekara, 19 ɗin farko a kafe yake. Da muka saita mata 25, sai ta rubuta mana a saman allo cewa muna 1925.