Shagon kayan kariya na Agege

Ƴan uwa masu aikin gini, akwai wani shago a Agege da na sayi hular kwano da but mai ƙarfe a baki, wallahi kayan sun yi, sati uku ina zuba kankare a Lekki ko tsagewa babu, safar hannun ce kawai ta yage a kwana huɗu. Abin da ke min ciwo, da kuɗina na saya. A Ingila doka ta ce kamfani zai ba ka kyauta, Amurka kuwa daga tsayin ƙafa 6 dole a tanadar maka kariyar faɗowa. Mu ma muna da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, amma ɗan kwangilarmu ko zancenta ba ya yi.